Yadda Ake Fara Zama a Tirelar Tafi-da-Gidanka Kai Kaɗai a Amurka, da Yadda Ake Samun Zango

A Amurka akwai mutanen da suka saki gidan haya, suka sayar da kujeru da gado, suka koma zama a ɗaki mai taya wanda ake ja da mota. Ba irin tirelar dakon siminti da muka saba gani ba ce. Ɗaki ne da aka gina a kan ƙarfe, a cikinsa akwai gado da murhun gas da firji da ɗan banɗaki, tankunan ruwa kuma suna ƙarƙashin daɓe, kuma yawancin irinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Abin da ya sa mutane da yawa suka fi son ta a kan motar da aka haɗa gida da inji wuri ɗaya shi ne, idan ka ya da zango sai ka kwance ta, ka bar gidanka a ajiye, ka shiga gari da motarka. Idan kuma motar ta kwana a gareji, kai ba za ka kwana a can tare da ita ba. Wahalarta ita ce ɗaurawa da ja da ribas, ayyukan da a al'ada mutum biyu ke yi. Wanda yake shi kaɗai ba shi da yaron mota da zai daka masa tsawa idan ya kusa hawa dutse, don haka tilas ne kowane aiki ya kasance yana da jeri guda da ba ya canzawa.

Da mota ake farawa, kafin a je kallon tirela. Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙinta za ka ga takarda mai ɗauke da nauyin da motar za ta iya ɗauka, wato mutane da kaya gaba ɗaya. Wannan adadi ya fi muhimmanci a kan ƙarfin ja da dillali zai yi ta faɗa maka da alfahari, domin wuyan tirela yana danna bayan mota da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta, kuma wannan dannawa tana cikin lissafin kayan mota. A ƙaddara takardar akori-kurarka ta ce laba 1,500, wato kusan kilo 680, tirelar da ka gani kuma nauyinta idan an cika ta laba 6,000 ne. Wuyanta kaɗai zai cinye wajen laba 780, ƙarfen ɗauri ya ɗauki kusan 100, ga nauyinka, ga janareto, ga akwatin kayan gyara da jarkokin ruwa. Kafin ka ankara abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Kada ka yi lissafi da nauyin tirela tana wayam, wanda shi ake bugawa a takardar talla. Ka nemi adadin da aka rubuta GVWR a gabansa a gefen tirelar ta hagu, shi ne iyakar nauyinta da kaya. Ruwa kansa nauyi ne, galan ɗaya ya haura laba 8, tankin galan 40 idan ya cika ya kai wajen kilo 150.

A ganina mai tafiya shi kaɗai bai kamata ya wuce ƙafa 16 zuwa 22 ba. Babbar tirela tana da daɗin kallo a filin dillali, amma zangunan gwamnati da yawa tsofaffi ne, an yanka gurabensu tun lokacin da tireloli ba su kai girman na yanzu ba, kuma duk ƙafa ɗaya da ka ƙara tana rage maka wuraren da za ka iya shiga. Akwai ma hanyoyin da aka iyakance tsawo, kamar hanyar Going-to-the-Sun da ke gandun Glacier, wadda ba a yarda abin da ya wuce ƙafa 21, mota da tirela a haɗe, ya bi tsakiyarta ba. Ƙananan tireloli irin su Casita da Scamp, waɗanda ake zuba jikinsu kamar kwalekwale, ba su da mahaɗai da yawa a rufi, shi ya sa yoyo bai cika damunsu ba kuma tsofaffinsu ke riƙe farashi. Kafin ka sayi kowace iri, ka yi hayar makamanciyarta na kwana uku ko huɗu a shafukan haya irin Outdoorsy ko RVshare, ka ga ko za ka iya jure zama a ɗakin da taku biyar ke ƙure shi.

Idan ta hannu za ka saya, babban abokin gabarka ruwa ne. Ka taka kowane lungu na daɓen, musamman bakin ƙofa da gefen banɗaki, ka ji ko yana lotsawa. Ka danna bango a ƙarƙashin tagogi. Ka buɗe akwatunan sama ka shinshina. Ka tsaya a waje ka dubi jikinta ta gefe ko akwai inda ya kumbura. Warin rima ko daɓe mai laushi sun isa su sa ka juya, komai arhar da aka yi maka. Tayoyi kuma shekarunsu ake dubawa, domin tayar tirela takan tsufa tun zanenta bai cinye ba: a jikin taya akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Wadda ta kai shekara biyar ko shida a canza ta. Ka kuma sani cewa wasu zanguna masu zaman kansu ba sa son karɓar tirelar da ta wuce shekara goma, ko da yake yawanci idan ka aika musu hotonta suka ga tana da tsabta sukan yi sassauci.

Lasisin tuƙi na yau da kullum ya wadatar ga tirela mai wannan girma. Abin da motar ke buƙata shi ne na'urar da ke sarrafa birkin tirela daga wurin direba, da madubai masu faɗi, da ƙarfen ɗauri mai rarraba nauyi zuwa tayoyin gaba wanda kuma ke rage lilo. Ƙwallon ɗauri iri biyu aka fi amfani da su, mai inci 2 da mai inci 2 da 5/16, kuma an buga girman da ya dace a jikin bakin tirelar. Ƙwallon da ya yi ƙanƙanta zai shiga lafiya lau, sai an hau rami ya fice. Jerin ɗauri kuwa ga shi, kuma ka rubuta shi a takarda ka manna a cikin ƙofa. Ka ɗaga wuyan tirela da jak, ka yi baya har ƙwallo ya zo ƙarƙashinsa, ka sauke, ka kulle, ka sa fil. Sannan ka sake ɗaga jak kaɗan: idan bayan mota ya ɗagu tare da wuyan, ɗauri ya kama. Daga nan sai sandunan rarraba nauyi, sai sarƙoƙi biyu a gicciye ƙarƙashin wuya, sai siririyar wayar da ke kama birkin tirela idan ta tsinke, wadda a jikin mota ake maƙala ta, ba a jikin sarƙa ba, sai filogin wuta mai baki bakwai. Ka kunna sigina da fitilu ka zagaya ka gani da idonka. Weji shi ne na ƙarshe da ake cirewa.

Ribas ba a koyon sa a zango mutane suna kallo. Ka sami filin ajiye motoci da babu kowa da sassafe, ka jera robobin ruwa a matsayin gurbi, ka yi ta maimaitawa. Ka ɗora hannu a ƙasan sitiyari. Duk ɓangaren da hannunka ya nufa, can bayan tirela zai nufa. Juyi kaɗan kaɗan ake yi, domin gajeriyar tirela tana saurin karyewa, kuma idan ta fara lanƙwasa fiye da kima gara ka ja gaba ka miƙe da ka yi ta kokawa da sitiyari. Ka riƙa shiga gurbi ta ɓangaren direba inda kake ganin gefenta ta taga. Ka sauka ka duba sau uku, sau biyar, sau goma idan ta kama, ka kalli ƙasa ka kuma ɗaga kai ka kalli rassan itace, ka ajiye wani abu mai launi a daidai inda kake son tayar baya ta tsaya. A kan hanya kuma kada ka wuce mil 60 zuwa 65 a awa. A Kalifoniya ma doka ta tsayar da mai jan tirela a 55. Idan babbar mota ta wuce ka ko iska ta bugo tirela ta fara lilo, kada ka taka birkin mota kuma kada ka biye mata da sitiyari: ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, ka matsa birkin tirela da hannu. Lilo yawanci daga lodi yake, idan kaya masu nauyi sun taru a baya. Bayan ka gama loda kayanka ka je tashar manyan motoci mai sikelin CAT ka auna, da kuɗi kaɗan za ka san gaskiyar nauyinka. Ka auna tsayinta har da na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi, ka rubuta a gaban sitiyari saboda gajerun gadoji.

Fitar farko ta kasance kusa da gida, tafiyar awa ɗaya, a zango mai wuta da ruwa da magudana, ka kuma nemi gurbin da ake shiga ta gaba a fita ta gaba. Da ka isa, kafin ka kwance komai, ka duba ko wayar wuta da tiyo za su kai. Ana fara daidaita tirela ta gefe da gefe, a hau da tayoyin ɓangaren da ya yi ƙasa kan katako ko tubalan roba, sannan a sa weji gaba da bayan taya a ɓangarorin biyu, sannan a kwance. Na taɓa tsallake wannan mataki a wani zango da ke gefen tafki, da yamma, na gaji, filin kuma a ido kamar tafin hannu. Ina ɗaga jak bakin tirela ya saki ƙwallo, sai na ga gidana yana tafiya baya a hankali, ƙafar jak tana jan layi a tsakuwa, ni kuma ina riƙe da wuyansa kamar mai kokawa da bijimi. Sarƙoƙin da ban riga na cire ba su suka tsayar da shi bayan taku ɗaya. Tun daga ranar weji ke zama a bakin ƙofa, sarƙa kuma ba na cire ta sai na ga tirela ta tsaya da ƙafarta. Bayan an kwance sai a daidaita gaba da baya da jak, a sauke ƙafafu huɗu na kusurwa, waɗanda aikinsu hana girgiza ne kawai, ba a ɗaga tirela da su. Daidaiton ba don daɗin barci kaɗai ba ne, firjin da ke aiki da gas yana lalacewa idan ya daɗe yana aiki a karkace.

Wutar zango iri biyu ce, mai amp 30 da mai amp 50, ƙananan tireloli kuma 30 suke sha, wato wat 3,600. Na'urar sanyaya ɗaki da butar lantarki da injin ɗumama ruwa idan suka haɗu za su kashe maka wuta. Ka sayi na'urar da ke gwada wutar kafin ta shiga tirela, ka kashe makunnin turken zango kafin ka soka filogi. A bakin famfo ka sa abin rage ƙarfin ruwa zuwa kamar 45 a ma'aunin matsin ruwa na psi, ka ware farar tiyo domin ruwan sha kaɗai. Tankunan ƙazanta biyu ne, na bayan gida da na wanka da wanke-wanke. Kuskuren sabon shiga shi ne barin bakin tankin bayan gida a buɗe saboda yana haɗe da magudana. Ruwa zai tsiyaye, sauran ya taru ya bushe ya zama tsibi. A bar shi a rufe har ya kai kashi biyu cikin uku, a zubar da shi, sannan a saki na wanka ya wanke tiyon. Mu masu tsarki da buta mun ci riba a nan, domin yawan ruwa shi tankin yake so, sai dai mu sa alwala biyar cikin lissafin ruwan yini idan za mu kwana inda babu famfo.

Neman zango shi ne aikin da ba ya ƙarewa, kuma shi ke yanke yawan kuɗin da wannan rayuwa za ta ci. Mafi sauƙin samu kuma mafi tsada su ne zanguna masu zaman kansu, irin KOA da dubban ƙanana na iyalai, masu wuta da ruwa da wurin wanki. Kuɗin wata a irinsu ya fi na kwana-kwana sauƙi nesa ba kusa ba, amma galibi ana cajin wuta daban. Katin Good Sam na rage kashi 10, na Passport America na rage rabi a zangunan da suka shiga tsarin, tare da sharuɗɗan ranaku da ya kamata a karanta kafin a dogara da su. Gandayen jihohi sun fi fili da inuwa, kowace jiha da shafinta, wasu kuma suna amfani da ReserveAmerica. Na gwamnatin tarayya a Recreation.gov ake kama su, da yawa ana buɗe su wata shida kafin ranar, kuma wurare irin Yosemite cikin mintuna suke ƙarewa. Wanda bai samu ba ya riƙa leƙawa a makon da yake son zuwa, domin mutane suna fasawa, kuma daga Lahadi zuwa Alhamis gurabe sun fi samuwa. Waɗanda sabon shiga bai cika sani ba su ne zangunan sashen injiniyoyin sojan Amurka da ke gefen madatsun ruwa, musamman a kudu da tsakiyar ƙasar. Suna da tsabta, da yawa da wuta da ruwa, farashinsu da dama-dama, kuma a shafin guda ake kama su. Ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin da ya kai shekara 62 yana iya sayen katin dattawa da ke rage masa rabin kuɗin kwana a yawancin zangunan tarayya. Kafin ka biya kowane gurbi ka duba tsawonsa, ka kuma kalli hotonsa ta tauraron ɗan Adam.

Kwanan daji kyauta kuwa a yammacin ƙasar yake da yawa. Hukumar kula da filaye ta BLM tana riƙe da kusan eka miliyan 245, kuma a mafi yawansu an yarda ka ya da zango kwana 14 cikin kwana 28, daga nan ka matsa, a wurare da yawa aƙalla mil 25. Dazuzzukan tarayya ma suna da irin wannan dama, kuma kowane daji yana da taswirar hanyoyin mota da ake bayarwa kyauta, mai nuna inda aka halatta kwana. Manhajojin iOverlander da The Dyrt suna nuna wuraren da mutane suka kwana, da wuraren zubar da tanki da ɗiban ruwa, da ƙarfin sabis. Bayanan baya-bayan nan su ne abin karantawa, domin hanyar da ta yi kyau bara wataƙila ruwa ya cinye ta bana. Ƙa'idar da ba na karyawa ita ce ba na shiga hanyar burji da ban sani ba da tirela a bayana. Ina ajiye ta a bakin hanya ko in taka da ƙafa, in tabbatar akwai wurin juyawa. Kada ka kwana a busasshen rafi a hamada, ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa yana iya isowa cikin dare. Ka sauka inda wasu suka riga suka sauka, ka tambayi ofishin yankin ko an hana kunna wuta, ka kwashe shararka. A nan batir ne ke mulki: na gargajiya ba a barin sa ya sauka ƙasa da rabi, na litiyam ya fi juriya, sola mai wat 200 takan riƙe fitilu da famfo da cajin waya, amma ba za ta ɗauki na'urar sanyaya ɗaki ba.

Da hunturu dubban masu wannan rayuwa suna gangarawa Quartzsite a jihar Arizona, inda BLM ta ware filayen dogon zama irin La Posa daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, da izinin da ake saya, akwai ruwa da wurin zubar da tanki da na shara. A watan Janairu ake babbar kasuwar tireloli a garin, kuma wuri ne mai kyau ga wanda ya gaji da kaɗaici ko yake neman wanda zai duba masa haɗin sola. Don kwana ɗaya a tsakiyar doguwar tafiya akwai Harvest Hosts, inda mai rajista ke kwana a gonaki da gidajen tarihi ya sayi wani abu a wurinsu, akwai kuma filayen ajiye motoci na wasu rassan kantin Walmart da gidan abincin Cracker Barrel. A waɗannan sai an tambayi manaja, domin dokar gari takan hana, kuma ba a kwance tirela ko a fito da kujeru.

Wanda zai saki gida gaba ɗaya yana buƙatar adireshi na doka saboda lasisi da rajistar mota da inshora da banki. Teksas da Fulorida da Dakota ta Kudu aka fi zaɓa domin ba sa karɓar harajin kuɗin shiga na jiha kuma sun yarda da adireshin kamfanonin tura wasiƙu. Ƙungiyar Escapees, wadda aka kafa a 1978, tana yin wannan hidima daga Livingston a Teksas. Ka gaya wa kamfanin inshora cewa a cikin tirelar kake zaune, domin inshorar mai fita hutu daban take da ta mazauni, ka kuma duba ko inshorar lafiyarka tana aiki a wajen jiharka.

Game da tsaro, gajiya ta fi ɓarawo haɗari. Masu wannan rayuwa suna da ƙa'idar uku-uku: kada tafiya ta wuce mil 300, a isa kafin ƙarfe 3 na rana, a kwana uku, ni ga mai tuƙi shi kaɗai mil 200 ma ya isa. Kullum ka aika wa wani ɗan'uwa inda ka sauka, kuma idan kana shiga inda babu sabis ka riƙe na'urar saƙo ta tauraron ɗan Adam irin Garmin inReach. Mata da yawa da ke tafiya su kaɗai ba sa kwance tirela a daren farko a wurin da hankalinsu bai kwanta ba, suna barin mota ta fuskanci mafita da makulli a kusa, kuma wannan dabara ta dace da kowa. Ka gwada na'urorin gano hayaƙi da yoyon gas duk wata. Musulmi kuma ya tsara hanyarsa da sanin cewa a ƙauyukan yamma masallaci da naman halal suna iya yin nisan awa biyu ko uku, don haka a cika firji a babban gari, a kuma sa zangon Alhamis kusa da inda za a samu Juma'a.

Ranar tashi ana bin jerin sauka ne daga ƙarshe zuwa farko. A ciki a kulle firji da akwatuna, a rufe tagogi da murfin rufi, a kashe famfo da injin ɗumama ruwa. A waje a naɗe rumfa, a zubar da tanki, a cire tiyo da waya, a ɗage ƙafafun kusurwa, a rufe tukunyar gas, a gwada iskar taya tun tana da sanyi, a ɗaura, a naɗe matakalar ƙofa. Idan maƙwabci ya zo sallama kana tsakiyar ɗauri, ku gama gaisawa, sannan ka koma farkon jerin. Ka zagaya tirelar sau biyu, zagayen farko idonka a sama, na biyu a ƙasa, ka ja gaba kamar tsawon mota biyu, ka gwada birkin tirela da hannu, ka sauka ka dubi gurbin da ka bari, domin a nan ake mantuwar tubalan daidaito da abin rage ƙarfin ruwa da ke maƙale a bakin famfo.